Kai da ka haife shi ba ka san ajinsu ba, wa kake so ya sani?

'Yan uwana iyaye, ranar Alhamis ɗin nan na je karɓar sakamakon 'yata a makarantarsu, abin da na gani har yanzu yana cina a rai. Ina zaune a ofishin hedimasta sai ga wani bawan Allah ya shigo, shadda sai ƙyalli, makullin mota a hannu, ya ce ya zo karɓar na ɗansa. Hedimasta ya ce Alhaji aji nawa yake? Shiru. Ya ce yana jin huɗu ne ko biyar. Ya ciro waya ya kira uwar yaron, ita ma muna jiyo ta tana cewa bari ta tambayi yayarsa. Ashe yaro aji shida yake, bana zai rubuta jarrabawar shiga sakandare, kuma da aka buɗe rajista sati uku cur bai leƙo makaranta ba, alhali kullum sai an ba shi kuɗin tara da na adaidaita sahu ya saɓa jaka ya fita. Maimakon mutumin nan ya sunkuyar da kai, wallahi sai ya hau malamai da faɗa, wai to me yake biyan kuɗi a kai. An bar jaki ana dukan taiki kenan.

Haba jama'a. Biyan kuɗin makaranta fa ba shi ne tarbiyya ba. Mutum ya san farashin dala na safe da na yamma, ya san dila nawa ta shigo masa Kantin Kwari, ya san buhu nawa ya rage a sito a Singa, yaron shago ya yi kuskuren naira ɗari biyar kafin magariba ya gano, amma ɗan cikinsa bai san sunan malamin ajinsa ba. Ma'aikacin ofis ma haka, sai ka ji ai ba lokaci, aiki ya yi yawa. To lokacin zama a majalisa daga isha'i har sha ɗayan dare daga ina yake fitowa? Minti casa'in na gidan kallon ƙwallo fa? Akwai wanda zai lissafo maka 'yan wasan Arsenal har da na benci, ka ce ya faɗi darussa biyar da ɗansa yake yi ya kasa. Na san akwai masu fita tun asuba Dawanau ko gareji, su dawo a gajiye liƙis, ban raina wahalarsu ba, amma minti goma na "kawo jakarka in gani" ba zai karya kowa ba. Ko ba ka yi boko ba ai ka san jan biro, ka san littafin da aka yi rubutu da wanda yake fari fat tun farkon zango.

Ku ma iyayenmu mata da ƙannenmu da kuke gida, ku yi haƙuri sai na faɗa. Ke ce yaro yake fara gani in ya dawo. Ya jefar da jaka a tsakar gida, ke kina kan TikTok ko fassarar Indiya, sai gobe da safe a kakkaɓe jakar a sake rataya masa. Takardar taron PTA takan kwana biyar a ciki har ta jiƙe da man alala, amma katin biki da ankonsa ba a taɓa mantawa. Wata kuma ita ce za ta zauna ta yi masa aikin gidan da hannunta don kar ya dame ta da kuka, malama ta ga rubutun babba ta yi shiru kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma 'yan ƙwaya da 'yan daban unguwa ba sa cewa ba su da lokaci, su kullum suna da lokacin ɗanki.

Kowa bakinsa gwamnati. E, da laifinta, mun ga azuzuwan da yara sama da ɗari suke zaune a ƙasa gaban malami ɗaya, shi ya sa ma Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. To malamin da yake fama da ɗari ta yaya zai lura naka bai zo ba in kai mai guda shida ba ka lura ba? Dokar UBE ta 2004 da ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, a wuyan uba da uwa ta ɗora tabbatar da yaro ya je ya kuma gama. Tun kafin wannan Manzon Allah (SAW) ya gaya mana dukkanmu makiyaya ne kuma za a tambaye mu abin da aka ba mu kiwo. Wane makiyayi ne bai san inda garkensa ya wuni ba?

Sai yaro ya kai SS2 ya faɗi kwalifayin, wato jarrabawar tantancewa, gwamnati ba za ta biya masa NECO ba, sannan uba zai farka yana ihu bayan hari, a fara neman makarantar da ake rubuta wa yara amsa a allo. Da kuɗinka ka saya wa ɗanka takardar da ba zai iya karewa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu gyara don Allah, mu dinga leƙawa, mu dinga tambaya.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Amma duk bayan magariba sai mun jero a soro gaban fitilar ƙwai, ya ji karatun allo, sannan ya sa yayanmu ya karanto masa abin da malam ya rubuta a littafin kowa. Lokaci-lokaci sai dai ka hango kekensa jingine a gindin darbejiyar makaranta, ba wanda ya kira shi. A lokacin ko mai kanti ya gan ka da yunifom a titi ƙarfe goma sai ya riƙo hannunka har bakin aji, uban kuma ya bi shi gida da godiya. Yanzu ka tsawatar wa ɗan maƙocinka ka ga in ba a ofishin 'yan sanda za ku ƙare ba.

Da zan fito hedimasta ya jawo durowa ya nuna min sakamakon zangon da ya wuce, damƙam ɗaure da roba, har ƙura ta hau. Ba wanda ya zo karɓa.