Gas ɗin Jirgin Ruwa da Gas ɗin Tukunyar Girki

Hausawa mazauna Makka da Jidda da dama sukan ɗauka cewa gas ɗin da ake kira LNG, wato gas ɗin da aka sanyaya har ya zama ruwa, wanda Ƙatar ke lodawa a manyan jiragen ruwa daga tashar Ras Laffan, shi ne wanda suke saye a tukunya don dafa abinci. Ba haka ba ne.

Gas ɗin tukunya cakuɗen firofen da butan ne, kuma matsi kaɗan ya isa ya mayar da shi ruwa, shi ya sa idan aka girgiza tukunyar akan ji yana motsi a ciki. Shi kuwa LNG mafi yawansa mitan ne, wanda ba ya zama ruwa sai an sanyaya shi zuwa kusan digiri 162 ƙasa da sifiri, inda girmansa ke raguwa kusan sau 600, don jirgi guda ya iya ɗaukar mai yawa. Idan ya isa Japan ko Turai, sai a sake mayar da shi iska kafin ya shiga bututu.

Najeriya ta fara fitar da LNG daga tsibirin Boni a 1999. Saudiyya kuwa, duk arzikin gas ɗinta, a cikin gida take amfani da mitan ɗinta wajen samar da lantarki da tace ruwan teku da masana'antu.