Ilu, Sori

Ticha ya dire ƙamus ɗinsa a teburin Mai Shayi, daidai inda ake yanka burodi.

Ticha: Ɗan majalisar nan tamu ya zama elusory.

Mai Shayi: Na aiki Ilu sayen ƙwai. Me ka yi masa kake ba shi haƙuri?

Ticha: Wane Ilu kuma?

Mai Shayi: Ba "Ilu, sori" ka ce ba?

Ticha ya cire tabarau ya goge da bakin riga. (Gilashin tabaran nan na taga ne, kowa a unguwa ya sani.)

Ticha: Elusory! Abin da in ka kai hannu sai ya sulluɓe. Gama-garin Turawa elusive suke cewa, wannan ta mu ce da karatu ya ratsa.

Mai Shayi: Tarwaɗa ke nan.

Ticha: Tarwaɗa! Kalmar da ta taso tun daga Latin, daga eludere, wato zillewa cikin wasa? Har ludon da yaranka ke bugawa danginta ne. Ni da na yi shekara 22 ina shaƙar alli za ka ce wa tarwaɗa?

Mai Shayi: To, mai layar zana.

Ticha: Ka matso kusa, amma ba ka iso ba. Kuma kada ka haɗa ta da illusory, mai "l" biyu. Ita wannan abin da babu shi ne sam, kamar kawalwalniya a kan kwalta.

Mai Shayi: Maimaita ta farkon.

Ticha: Ilusori.

Mai Shayi: Ta biyun fa?

Ticha: Ilusori.

Mai Shayi: Allah ya ƙara ilimi, Malam.

Ticha: Kunnenka ne bai je makaranta ba. Duba: shi Onarabul yana nan da ransa a Abuja, waya ce ba ya ɗauka, elusory ke nan. Rijiyar burtsatsen da ya yi mana alkawari kuwa, mai "l" biyu ce.

Mai Shayi: Yanzu na gane sarai.

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur yana laluben littafin bashi.

Mai Shayi: Shayi mai kauri 9, Indomie da ƙwai 4, tun watan azumi. Kuɗin nan nawa, mai "l" nawa ne?

Shiru. Ya ɗago, sai kofi a kan benci yana ta tururi. Ko ƙamus ɗin ba a bari ba.

Can sai ga Ilu da kiret ɗin ƙwai a ka.

Mai Shayi: Ajiye a hankali. Ticha ya bar maka sori.