Babbaka a Cikin Piyano

Shekara goma sha biyu ke nan ina aikin kafinta, don haka da kawuna, tsohon malamin kiɗa a Jos, ya ce maɓalli ɗaya na piyanonsa ya daina magana, sai na bugi ƙirji na ce aikin minti goma ne. Da na cire murfin gaba, na tarar da 'yan gudumomi 88 a jere kamar sojoji a fareti, kowace da kan ulu matsattse a bisa siririyar ƙota wadda ba ta kai kaurin fensir ba. Ɗaya ta karye a tsakiya, kanta kuma ya faɗa can ƙasa.

Na lalubo kan, na shafa gam a karayar, na zura mata guntun bututun robar shan lemo domin ya riƙe ta kamar karan ɗori. Dabarar ta ci, sai dai ban tsaya duba saiti ba har gam ya kama. A wannan sashen kowace guduma tsirkiya uku take duka a tare, amma tawa ta karkace, tana dukan biyu daga cikin nata da ɗaya ta maƙwabciyarta, tana kuma gogar kafaɗar maƙwabciyar a hanya. Kawu ya danna sau ɗaya, ya runtse ido kamar wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa.

"Ɗana, wannan waƙa ce ko kuka?"

Ya bayyana mini cewa masu gyaran piyano sukan ɗumama ƙotar da ɗan harshen wuta, suna kai shi suna kawowa ba tsayawa, sannan su murɗa kan a hankali su riƙe har itacen ya huce a sabon saiti. Ni kuwa kalmar wuta kaɗai na kama, batun kai da kawowa ya bi ta bayan kunnena. Yana shiga ɗaki neman tabarau, na kunna kyandir na kafa shi a ƙarƙashin ƙotar. Nan take robar ta narke, ɗorin ya saki, ulun gudumomi biyu na gefe ya fara hayaƙi.

Inna ta leƙo daga kicin tana toshe hanci, ta ce, "Wa ke babbakar kan rago a falona?"

Kawu ya dawo da tabaraunsa, ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya har ya ƙirga bebaye uku, sannan ya dubi agogonsa ya tambaye ni cikin natsuwa ko har yanzu muna cikin minti goman.