Bayan Sakkwato, ina makaman Amurka za su faɗa?

A daren 25 ga Disamba, 2025, Amurka ta harba makamai masu linzami zuwa jihar Sakkwato, ta ce mayaƙan ƙungiyar IS take hari. Gwamnatin Najeriya ta ce da saninta aka yi, har ma ta taimaka da bayanan sirri. Tun daga ranar mutane ke tambayar ina ne wuri na gaba. A ganina amsar ba ta da nisa da mu, kuma dalilin da ya sa ba ta da nisa shi ne abin da ya kamata ya tayar mana da hankali.

Da a ce manyan ƙasashe suna bin inda ta'addanci ya fi tsanani ne, da Burkina Faso da Mali ne a gaba. Rahoton Global Terrorism Index na 2025 ya nuna cewa fiye da rabin mutanen da ta'addanci ya kashe a duniya a 2024 a yankin Sahel suka mutu. A watan Satumban 2025 ƙungiyar JNIM, mai alaƙa da Al-Ƙa'ida, ta fara tare hanyoyin shigar da mai Mali, tana ƙona tankoki, har sai da aka rufe makarantu a Bamako saboda ƙarancin man. Duk da haka babu makamin Amurka da ya faɗa can. Sojojin da ke mulki a Bamako da Wagadugu da Yamai sun kori Faransa, sun jawo Rasha. Nijar kuma ta soke yarjejeniyar soja da Amurka a watan Maris na 2024, kafin ƙarshen shekarar dakarunta kusan 1,000 sun tattara sun bar ƙasar, har da sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas wanda aka kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina shi.

Abin da ke jan babbar ƙasa zuwa wani wuri shi ne gwamnatin da za ta buɗe mata ƙofa, da aikin da ba zai jawo mata gawarwakin sojojinta ba, da kuma labarin da zai karɓu a wajen masu zaɓe a gida. Shugaba Trump bai ɓoye nasa labarin ba. Tun farkon Nuwamban 2025 yake barazanar shiga Najeriya da sunan ceto Kiristoci. Sai ga shi harin ya faɗa yankin da mafi yawan waɗanda 'yan bindiga ke kashewa, suna ƙona musu rumbuna, Musulmi ne manoma da makiyaya. Ran Kirista da na Musulmi duk rai ne, kuma duk ana zubar da su a ƙasar nan. Amma wanda ya fahimci ciwon a baibai ba zai kawo maganin da ya dace ba.

Wanda ke son ganin irin yaƙin da ke tafe, ya dubi Somaliya. Amurka ta daina tura dubban sojoji irin na Afghanistan da Iraƙi. Yanzu jirage ne ke zuwa su kai hari kan Al-Shabab ko mayaƙan IS a duwatsun Puntland, a fitar da sanarwa mai layi uku, shi ke nan. An shafe fiye da shekara goma sha biyar ana haka, Al-Shabab tana nan tana karɓar haraji a hanyoyi da kasuwanni.

Saboda haka nake ganin wuri na gaba shi ne zirin da ya taso daga Dosso da gandun dajin W da ke kan iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso, ya ratsa arewacin Benin, ya shigo Kebbi da dajin Kainji har zuwa Kwara. Mayaƙan Sahel suna gangarowa kudu ta nan. A watan Afrilun 2025 JNIM ta kashe sojojin Benin 54 a arewacin ƙasar. Gwamnatocin ƙasashen gaɓar tekun Afirka ta Yamma, irin su Benin, suna da kyakkyawar hulɗa da Washington, Amurka kuma tana neman madadin Agadas. Arewa maso gabashin Najeriya, inda ISWAP ke da ƙarfi a tafkin Chadi, shi ma yana cikin lissafi.

Ba na raina hujjar masu maraba da wannan. Mutumin da aka sace 'yarsa, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ba zai tambayi tutar jirgin da ya kashe wanda ya zalunce shi ba, kuma yana da gaskiya. Jami'an tsaronmu sun daɗe suna kasa kare shi. Sai dai mu tuna yadda mayaƙan Lakurawa suka samu wurin zama a Tangaza da Gudu, cikin jihar Sakkwato. Da farko wasu mazauna yankin ne suka karɓe su don su kare su daga ɓarayin shanu, saboda babu hukumar da ke zuwa idan an yi kira. Daga baya suka koma karɓar zakka da ƙarfi da yanke wa mutane hukunci. Makami mai linzami zai iya rusa sansaninsu a dare ɗaya, amma washegari ƙauyen yana nan ba ɗan sanda, ba alƙali, ba hanya. Wani zai zo ya cike gurbin.

Faransa ta gwada abin da ya fi wannan girma. Ta shiga Mali a Janairun 2013, a wani lokaci tana da sojoji fiye da 5,000 a Sahel, ta kashe manyan kwamandoji, ta fice daga Mali a Agustan 2022 mayaƙan suna riƙe da ƙasa fiye da da. A ƙauyen Bounti na Mali, cikin Janairun 2021, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce harin jirginta ya kashe fararen hula 19 a wajen bikin aure, Faransa ta musanta. Mu ma mun ga Tudun Biri a Disambar 2023, inda jirgin sojanmu ya faɗa wa masu Maulidi. A can aƙalla akwai shugabannin soja da suka je ta'aziyya, akwai majalisar da za a kai wa kuka. Idan jirgin baƙo ne ya yi irin wannan kuskure a Kebbi, wa iyalan mamatan za su tuhuma, a wace kotu?

Wannan tambayar ce ya kamata sanatoci da 'yan majalisar wakilai na Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Neja su ɗora wa fadar shugaban ƙasa yanzu, tun kafin hari na gaba. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta mayar da ita doka. To a kawo abin da aka ƙulla da Amurka gaban majalisa a karanta shi a fili, a faɗi wanda ke zaɓar inda za a kai hari, da wanda zai biya diyya idan an kashe wanda bai ji ba bai gani ba, da ranar da wannan haɗin gwiwa zai ƙare.