Gajiyar Yaya ba son jiki ba ce

Maganar da wani ya rubuta jiya a ƙarƙashin hoton Yaya ban goge ta ba, na bar ta kowa ya gani. Wai "kullum a kwance, ta tashi ta motsa mana, son jiki ne." Haba bawan Allah! Mace mai shekara 57 da ciwon sikila, ka kalli hoto ɗaya ka yanke mata hukunci?

Ba son jiki ba ne, kuma zan yi ta faɗa har ku gaji da ni. Jar ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana kusan 120 tana aiki. Ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Ɓargo yana ta ƙera sabbi dare da rana, bai taɓa cike giɓin ba. Shi ya sa in aka auna jinin Yaya sai a ga 7 ko 8, kai kuwa naka 14 ne ko sama. Da rabin abin da ke kai iska ga jikinka take rayuwa tun tana goye. Zuciyarta ce ke biyan bashin, tana ƙara bugu shekara hamsin da ɗoriya ba hutu.

Na san wani zai ce ai duk wanda ya manyanta yana gajiya. Ku bar wannan zance. Taka gajiyar barci ke maganinta, ita kuwa da tata take farkawa. Na sha ganinta bayan wanka zaune a bakin gado, tawul a kafaɗa, leɓe ya yi fari, tana jiran numfashi ya daidaita kafin ta iya ɗaga hannu ta sa riga. Wanka kawai fa! Sannan ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ƙera jini, sikila kuma cin ƙoda take yi a hankali, don haka shekaru na ja jinin na ƙara yin ƙasa. Ga ƙashin ƙugu da ya lalace saboda jini ba ya isa gare shi.

Masu cewa ta sha maganin ƙarin jini ta miƙe, ku kuka fi ba ni tsoro. Ba ƙarancin sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe da ke cikin irin wannan magani, ke damunta ba. Kowace ledar jini da aka ƙara mata tana shigo da kimanin miligiram 200 na ayon, jiki ba shi da hanyar zubar da shi, sai ya taru a hanta da zuciya. Folik asid da hydroxyurea, maganin da ake ba masu sikila, likitanta ya rubuta, su take sha. Don Allah ku riƙe shawararku.

Ita ta san jikinta fiye da mu duka. Aiki ɗaya take zaɓa ta yi da safe lokacin da take da ɗan ƙarfi, saura ya jira gobe. Akwai kujera a banɗakinta, gorar ruwa ba ta barin gefenta, tana ɗan takawa da yamma in sanyi bai sauko ba. Abin da ya fi mata wuya shi ne koyon cewa "ba zan iya zuwa ba" ba tare da ta ba kowa haƙuri ba. Ranar da gajiyar ta sauya salo kuwa, ko zazzaɓi ya shigo, ko ƙirji ya riƙe, ba ma jira, asibiti muke nufa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1994 ya nuna rabin mata masu irin ciwonta ba sa wuce shekara 48. Yaya ta wuce, da wannan kwanciyar da kuke zagi ta wuce. Wallahi in na shiga na tarar tana barcin rana, lallaɓawa nake in ja mata ƙofa, ina godiya ga Allah.