Arahar tambarin RFID ba ita ce riba ba

Ana yawan cewa tunda tambarin RFID (ɗan ƙaramin tambari da na'ura ke karantawa daga nesa ta siginar rediyo) ya yi araha, duk wanda ya manna shi a kayansa zai ci riba. Gaskiya ne yana saukaka ƙirga, amma kuɗin tambari kaɗan ne cikin lissafin. Akwai na'urorin karantawa a ƙofofin sito, eriya, manhaja da horar da ma'aikata. Ga shi ruwa na shanye sigina, ƙarfe na karkatar da ita, sai ƙirga ta yi giɓi.

Ribar tana fitowa ne daga asarar da aka toshe: kayan da ke ɓata da awannin da ake kashewa wajen ƙirga. Sito mai takalma masu tsada, lamba-lamba, zai iya mayar da kuɗinsa. Mai katan-katan na ruwan gora kuwa, bakod (layukan nan da ake bugawa a jikin kaya don na'ura ta karanta) ya ishe shi.