Ali na Squid Game ya samu masu nazari, leburorin gona fa?

Jiya na sake cin karo da wata maƙala ta jami'a a kan Ali, lebura ɗan Pakistan ɗin nan na Squid Game, fim ɗin Koriya ta Kudu na gasar da ake kashe wanda ya faɗi, wallahi kasa kai ƙarshenta na yi. Tun 2021 malaman nazarin finafinan Koriya ke jujjuya magana ɗaya, wai Koriya ta Kudu ta fara kallon baƙi da idon rahama, wai fim ya share wa 'yan ci-rani hawaye. Wane hawaye?

Ku tuna yadda aka nuna shi. Inji ya cinye masa yatsu, maigidansa ya danne masa albashin wata shida, sau ɗaya ya fusata ya fizge kuɗinsa, sauran fim ɗin kuwa rusunawa yake yana kiran mutane "sajangnim", wato maigida, har Sang-woo, abokin gasarsa, ya ce ya riƙa ce masa yaya, kuma yayan nan ne ya yaudare shi, ya cika masa jaka da tsakuwa maimakon ƙwallayen wasan, ya bar shi aka harbe. Ladabinsa ne ya sa aka so shi, baƙo mai sunkuyar da kai kowa na iya tausaya masa. Abin da ke ɓata min rai shi ne masu digiri sun ɗauki tausayin 'yan kallo sun sa masa suna adalci, suna ta cika mujallu da shi.

Ita kuwa dokar da ke shigo da irin su Ali tana nan daram. Tun 2004 Koriya ke kawo leburori daga ƙasashen waje, daga baya har da Nepal da Kambodiya da Bangladash, a tsarin da ma'aikaci ba ya iya sauya wurin aiki sai maigida ya sa hannu, in ba ya kawo hujjar an zalunce shi ba, kuma a 2021 kotun tsarin mulki ta ce babu laifi a wannan takunkumi. A Disambar 2020 aka tsinci gawar wata 'yar Kambodiya a garin Pocheon cikin rumfar leda ta gona inda aka ba su masauki, a tsakiyar hunturun da ruwa ke daskarewa. A Yunin 2024 gobara ta kashe mutum 23 a masana'antar batir a garin Hwaseong, 18 daga cikinsu baƙi ne. Shafi nawa aka rubuta a kan waɗannan in an gwada da na Ali?

Haka aka yi da fim ɗin Parasite na talakawan da ke zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya ci kyautar Oscar a 2020, aka yi ta taro a kan gidajen ƙarƙashin ƙasa, sai ga ambaliyar Agustan 2022 ta rutsa da mutum uku 'yan gida ɗaya cikin irin wannan ɗaki a Seoul, ruwa ya danne ƙofa suka kasa fita.

Za a ce ai fim ɗin Dogani, wanda ya fallasa lalata da yara kurame a wata makaranta, ya sa an gyara doka a 2011, eh ya sa, amma don an taɓa dacewa sau ɗaya ba za mu zauna jiran dace ba.

Ni dai ina ganin duk mai son rubutu a kan baƙi a fim ɗin Koriya ya fara zuwa Ansan, garin da baƙi leburori ke da yawa, ko Pocheon da tafinta, ya kwana biyu, ya zauna da 'yan ƙungiyar leburorin, ya tambaye su ko sun ma samu lokacin kallon Ali ɗin.